Fushin Mai Ciwon Suga

"Ka ci, don Allah... allurar ta riga ta shiga jikinka!"

Ya ture farantin da bayan hannu.

"Na ƙoshi, Likita."

Likita yake kiran matarsa tun da asibiti suka tabbatar masa da ciwon suga ta koyi yi masa allura. Da farko zolaya ce. Yanzu ya danganta da yadda gari ya waye.

Laifinta na yau, ta tsinci kwalbar lemo a bayan keken ɗinkinsa, wadda Umma, mahaifiyarsa, ta shigo da ita cikin mayafi. Ta tuttular a magudana, bakinta kuma ya suɓuce.

"Umma so take ta kashe min kai da ƙauna."

Shi kenan. Ya ɗauki makamin da maza suka gada kaka da kakanni: ƙin cin abincin mata. Ubansa ya yi, kakansa ya yi, babu wanda ya mutu. Sai dai su ba a yi musu allura kafin su fara ba.

"Rabin raina, ko loma uku..."

"Ki kai wa wadda kika zaga."

Ya koma kan keke. Ta tsaya bakin ƙofa da faranti, tana sauraron ƙarar ɗinki tana gudu, tana tsayawa, tana gudu.

Can ta ji shiru.

"Masoyi?"

Gumi ya jiƙa masa riga. Hannunsa na rawa a kan yadi, yana kallonta kamar wata baƙuwa.

"Innalillahi! Suganka ya sauka!"

Ta ruga kicin. Ta buɗe gwangwani, ta buɗe durowa, ta zazzage kwando. Babu suga, babu zuma, babu ko alawa ɗaya. Ita da kanta ta share gidan tas tun bara, har tana yi wa maƙwabta alfahari. An gaya mata a asibiti ta ajiye wani abu mai zaƙi saboda irin haka, ta ƙi, don ta san halin mijinta.

Ta dawo ta rungume kansa.

"Kada ka yi min haka... ka ji? Ka zage ni ma, amma ka yi magana!"

Sallamar Umma ce ta katse ta. Tsohuwar ta tsaya turus.

"Auta! Ke, me kika yi masa?"

"Umma, kina da wani abu mai zaƙi?"

Umma ta kau da kai.

"Ni? A gidan nan da ake caje mutane?"

"Umma, don girman Allah! Na san kina da shi!"

Hannun tsohuwa ya shiga mayafi, ya fito da wata kwalbar. Matar ta fizga, ta ɗaga masa kai, tana ba shi kaɗan-kaɗan yana haɗiya da ƙyar, tana kuka tana shayar da shi abin da ta zubar ɗazu.

A hankali idonsa ya dawo.

"Kin gani ko?" in ji Umma. "Yunwa kike kashe min ɗa da ita. Dama yayyensa sun ce ki tafi gida ki huta."

Matar ta ajiye kwalbar. Ta ba shi zaƙi ta kashe shi, ta hana shi ma ta kashe shi. Wa za ta yi wa bayani?

Ta yunƙura za ta tashi, ya riƙe mata gefen zane.

"Umma... ni na ƙi ci. Ta roƙe ni har da hawaye. In ta tafi, wa zai yi min allurar? Ke?"

Umma ta dubi hannuwanta masu karkarwa. Ta zauna a kan tarin yadi.

Matar ta share masa gumi da mayafinta.

"In za ka yi fushi da ni, ka yi. Ka daina min magana, ka juya min baya sati guda. Amma ka ci abinci tukuna."

"To da me zan yi fushin, Likita?"

"Ban sani ba, rabin raina. Wannan ma ciwon ya karɓe."

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya kifa fuskarsa a kafaɗarta, don kada Umma ta gani.