Ƙaurin Kuloci a Gidan Burodi

Da safiyar Litinin aka buɗe gidan burodin da ke gindin tudu, aka tarar babu injin kwaɓa fulawa. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba. Ramukan ƙusoshi huɗu kawai suka rage a siminti.

Sufeton da aka turo saura wata huɗu ya yi ritaya, don haka duk aikin da kowa ya ƙi, da shi ake tunawa. Bai damu ba. A gida ba mai jiransa sai butar shayi da rediyo mai kama tasha ɗaya. Matarsa ta tafi ganin gida shekara shida ke nan, har yau ganin bai ƙare ba.

Mai burodi ya tare shi tun daga ƙofa.

"Yallaɓai, ba sai ka wahala ba. Injin nan sai ƙarti huɗu, sai kuma mota. Jiya muna hutu aka fita da motar rabon burodi aka dawo da ita, ga mai ya ragu. Makulli biyu ne, ɗaya a ofis, ɗaya a aljihun direba. Ka tafi da shi kawai."

Direban na zaune a benci, tsoho, hularsa a gwiwa. Shekara ashirin da biyu yana jan motar. Ba wanda zai shaidi inda ya yini jiya, domin shi kaɗai ne a ɗakinsa na haya.

Sufeto ya fara da maigadi.

"Ni aikina daga magariba ne. Da na zo mota na inda take, sai dai tana wari."

"Ka iya tuƙi?"

"Yallaɓai, ko keke sai an riƙe mini."

Ya wuce wurin motar. Duk gidan ƙamshin burodi yake, amma da ya buɗe ƙofarta sai ƙauri ya buge shi, kamar an toya tsohon takalmi. A bayanta akwai sabuwar lotsawa, a ginshiƙin ƙofar gida kuma ga fentinta. Ke nan wani ya fara hawan tudu da ita, ta dawo da shi da baya.

"Baba, tashi ka kai ni kan tudun nan."

Tsohon ya tayar da ita, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali kamar mai ajiye jariri. A tsakiyar tudu injin ya ɗaga murya, motar kuwa ba ta ƙara sauri ba. Maimakon ya ba ta wuta, sai ya sassauta totur. Kukan ya faɗa, ta kama, ta haye.

"Tun yaushe kulocin ke zamewa?"

Tsohon ya rage murya.

"Wata biyu. Farantin kulocin ya cinye. Don Allah, ranka ya daɗe, kada maigida ya ji. Ya ce ranar da ta sake kawo babban gyara zai sayar, ya sayo mai canza giya da kanta, ya ɗauki matashi."

"Wa ka gaya wa?"

"Wa gare ni? Ita kaɗai nake wa magana."

Sufeto bai yi dariya ba. Shi ma da rediyo yake gardama.

"Ka taɓa ƙona shi har ya yi irin wannan ƙaurin?"

"Ni? Da safen nan da na ji warin, ƙwalla na yi."

Suka sauko. Saura mutum ɗaya, manaja, ƙanin matar mai burodi, wanda makulli na biyu ke rataye a ofishinsa. Sufeto ya tara su duka a can. Ya san tambayar da zai yi za ta wanke tsohon, ya kuma san abin da za ta tona. Ya laluba wata hanyar, bai samu ba.

"Manaja, ka taɓa jan motar nan?"

"Wannan akwalar? Allah ya kiyaye. Tawa mai canza giya da kanta ce. Ko gaban wannan ban taɓa zama ba."

"Ni fa ina tausayin tsohon nan. Anya zai iya haye tudu da kaya mai nauyi haka?"

"Yallaɓai, shi ne ma kaɗai zai iya. Wa zai hau tudun nan da kulocin da ke zamewa in ba shi ba?"

Mai burodi ya juyo. "Wane kuloci ke zamewa?"

"Tambayar da zan yi ke nan," in ji Sufeto. "Mai mota bai sani ba. Direba bai gaya wa kowa ba. Ba a gane zamewar kuloci daga taga, sai ƙafa ta taka. Kai da ba ka taɓa zama cikinta ba, a ina ka ji?"

"Ai... ana jin kukanta."

"A hannun Baba ba ta kuka, lallaɓa ta yake yi. Wanda ya ɗauke ta jiya ya saba da motar da ake taka wa totur ta tafi. Da ta ƙi hawa sai ya ƙara mata wuta, faranti ya ƙone, ta gangaro da baya ta daki ginshiƙi. Da kuloci mai hayaƙi kuwa ba a nisa. In na bi shagunan bayan tudu ɗaya bayan ɗaya, zan samu injin, zan samu ƙartin da suka loda shi, wataƙila su ne ma suka tura ka. Ka rage mini tafiya, gwiwata ba ta da lafiya."

Manaja ya dubi mai burodi. "Yaya, wallahi ajiya kawai na kai shi..."

Kafin azahar an dawo da injin daga shagon wani abokinsa mai walda, an wuce da manaja ofishin 'yan sanda.

Mai burodi ya tsaya a gaban direban yana sosa ƙeya.

"Baba, ka yafe ni." Ya dubi motar. "Amma wata biyu kana ɓoye mini? Ta ƙarasa watan nan, sai a nemi mai saye."

Tsohon ya sa hularsa. Ya ce zai sauke Sufeto a gida, tun da ba kowa a gaban motar.

Suna fara hawan tudu tsohon ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, ka wanke ni, ka kuma sallame ni."

"Na sani, Baba. Ni ma wata huɗu ya rage mini."

A tsakiyar tudu injin ya fara ɗaga murya. Tsohon ya sassauta ƙafa, ya shafa sitiyari.

"Sannu, sannu. Ba wanda ke jiranmu."

Ta kama, ta haye. Da suka iso ƙofar gida Sufeto bai fita ba.

"Kofi biyu gare ni," ya ce. "Ɗayan sai an wanke ƙura."

Tsohon ya kashe injin, ya bar ta a giya.