Wasiƙun da Hajiya Zinariya Ba Ta Aika Ba

Ranar Asabar da hantsi rahoto ya iske Sufeto Muntaka: an sace takardar gonar Hajiya Zinariya, tsohuwar shugabar makaranta da ke zaune ita kaɗai a Yalwawa. Gonar tana Aujara, ita ce kaɗai abin da mijinta ya bar mata.

Ba a fasa ƙofa ba. A cikin rigar matashin kai takardar take, kuma shi kaɗai aka taɓa. Sufeto ya tambaye ta wa ta gaya wa.

"Wa nake gani, ɗana, balle in gaya masa?"

Munira, maƙwabciyar da ke yi mata shara, ta rantse ba ta shigo jiya ba. Ƙarya ce. Ta shigo, amma gawayi ta ɗiba a tsakar gida, kunya ta hana ta faɗa.

A kan tebur akwai tsohuwar kwamfuta. Da ƙyar Hajiya ta amsa cewa kullum bayan la'asar takan buɗe imel ta rubuta wa marigayi mijinta wasiƙa. Ba ta aikawa. Sai ta bar ta a ajiye, gobe ta ɗora daga inda ta tsaya. Shekara huɗu ke nan. A ciki ta gaya masa inda ta ɓoye takardar.

Sufeto, wanda wata biyu rabonsa da iyalinsa a Ringim, ya kawar da ido daga rubutun, ya duba lokaci kawai. Jiya da ƙarfe sha ɗaya na safe aka sake ajiye wasiƙar, lokacin da Hajiya ke layin asibiti, ita kuwa da ta dawo ba ta taɓa ta ba.

Wa ya taɓa gyara kwamfutar? Izzuddeen, ɗan ƙaninta. Da azumi ya sauya tsarin ajiyar, wai kada ɗauke wuta ya cinye mata rubutu. Tun daga nan, duk lokacin da ya shiga imel ɗin ta wayarsa zai tarar da wasiƙar a inda aka tsaya.

A ofis, gaban Hajiya, Izzuddeen ya ce tun ƙaramar salla bai taka gidan ba, imel ɗinta kuwa bai san lambar sirrinsa ba.

"Buɗe wayarka," in ji Sufeto.

Wasiƙar ta bayyana da kanta. Jiya Izzuddeen ya buɗe ta don ya tabbatar da wurin takardar, yatsansa ya taɓa rubutun, tsarin da ya saka da hannunsa ya ajiye lokacin. Ya amsa laifi. Ya yanko makulli, ya samo mai saye, takardar tana ƙarƙashin kujerar babur ɗinsa.

"Duka ka karanta?" Hajiya ta tambaya.

"Duka, Gwaggo."

"Har ta watan jiya, da na ce kwana uku ina kwance ba mai miƙo mini ruwa?"

Bai ɗago ba. Wani kofur ya tasa shi gaba.

Da Sufeto ya mayar da ita gida, ta roƙe shi ya maida tsarin yadda yake a da. Ya yi. Yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa ya ji ta fara danna haruffa, ɗaya bayan ɗaya.