Fayil Ɗin Auta

Ko sallama Umma ba ta yi ba, ta faɗo falon mayafi a hannu. Surukarta Lauya na cusa takardu a jaka, mijin Lauya, Injiniya ɗan Umma, na ɗaura agogo.

"Ke! Me Auta ta je yi ofishinki jiya?"

Lauya ta ajiye jakar. Auta ƙanwar mijinta ce, kuma lallai ta je, ta sha kuka kan rigimarta da nata mijin. Aikin Lauya ke nan, sulhunta ma'aurata kafin magana ta kai kotu.

"Umma ina kwana..."

"Riƙe gaisuwarki! Me ta ce miki?"

"Ki yi haƙuri Umma, abin da aka faɗa mini a ofis amana ce."

"Iyye! Ni za ki karanta wa doka a kan 'yar da na haifa?" Ta juya kan ɗanta. "Kai kuma ka tsaya ƙerere kamar an dasa ka! Ko ta faɗa, ko ta bar gidan nan!"

Injiniya ya sassauta murya. "Haba masoyiya, kalma biyu fa kawai."

"Wallahi ko kai ba zan faɗa wa ba."

Ransa ya ɓaci. "To ki je gidanku sai na neme ki!"

Kwana tara tana gidan iyayenta, ko kira ɗaya bai yi ba. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don tana son mutumin nan kamar ranta. Amma bakinta gum!

Rana ta goma sai ga Umma a ofis, a fusace.

"Miƙo min fayil ɗin Auta, munafuka!"

"Yana cikin durowar can a kulle, Umma, tare da na kowa."

"Na kowa?"

Umma ta yi turus. Ta dubi durowar, ta dubi kujerar da ke gaban tebur. Shekara bakwai baya, tun Lauya ba ta san Injiniya ba, a kujerar nan Umma ta zauna tana sharɓar hawaye, aurenta da Baba, mahaifin Injiniya, saura ƙiris ya mutu. Lauyar nan ce ta yi ta zarya tsakaninsu har suka shirya.

Umma ta ce, "Ɗana ya san na taɓa zuwa nan?"

"Shekara biyar muna ɗaki ɗaya, Umma. Bai taɓa ji ba, ba kuma zai ji ba."

Umma ta zauna a kan kujerar. Ta lalubo waya ta kira ɗanta.

"Kai sakarai! Maza zo ka ba matarka haƙuri!"

"Umma, ta faɗa ne?"

"Ba ta faɗa ba. Shi ya sa."

Wanda ya hana ka sirrin wani yau, jama'a, kada ka zage shi. Shi ne ke riƙe da naka.