Wurin Mai Tsamiya a Cikin Saba

Gab da magariba Zulaihat ta koma ofishin rajistar dabbobi a Shinkafi don ta gyara saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansu. Kwantenonin cikinta, wato manhajojin da kowacce ke aiki a killace, sun yi nauyi. Ta kuwa gano dalili: da ram, ƙwaƙwalwar aikin sabar, ta cika, sai su kwashe rarar aikinsu su jibge a suwaf, wani lungu mai jan ƙafa a faifan ajiyar sabar.

Baba Mahmuda, tsohon da ya haɗa na'urar, ya tsaya bakin ƙofa.

"Ɗiyata, hana su duka shiga suwaf, amma ki bar kwantena ta bakwai. Tsamiya anka sare anka yi ginin ga. Mai ita na bar ma lungun nan. In kin toshe, kan mutum za shi nema."

Ta taɓe baki. "Aljani a faifai, Baba? Digiri na yi fa, ba bori ba. Je ka, kar jam'i ya wuce ka."

Ya fita yana girgiza kai.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana yanka wa kowacce iyaka, ba mai ƙara leƙa suwaf. Da ta zo ta bakwai, ita ma ta toshe mata, har da 'yar dariyarta.

Fankar saba ta tsaya cak.

Warin jiƙaƙƙiyar tsamiya ya cika ɗakin. Kujerar Baba ta yi ƙara. Ba kowa a kanta.

"Ke ce mai digirin?" Raɗa ce, dab da kunnenta.

Sanyi ya ratsa ƙeyarta, ya shige.

"Tir. Kan nan duk tarkace. Bari in share."

Lambar wayar innarta ta ɓace mata. Sai hanyar gidansu a Kaura. Ta nemi addu'a, ta samu rabi.

Umarnin buɗe wa ta bakwai suwaf. Yana nan. Yana zamewa.

Ta buga shi, harafi, harafi.

Fanka ta tashi.

Wani dogon tsaki ya fita daga kanta, ya bi waya ya shige saba. Ta faɗo waje ba takalmi, ta ci karo da Baba yana dawowa. Ƙafafunta kawai ya kalla.

Lambar inna ta dawo bayan kwana uku, hanyar gida ma haka. Takardar digirin kuwa tana nan rataye a ɗakinta. Takan tsaya ta karanta sunanta a jiki, ta rasa ko a wane gari ta yi karatun.