Mazaunin Durowar Ƙasa

Ranar da aka kawo kabad ɗin, rana ta riga ta yi ja, kaji sun fara neman makwanci. Masu amalanke biyu suka sauke shi a tsakar gida suna nishi, suka ce ƙarfe ne dai, amma nauyinsa kamar an cika shi da ƙasa. Suka nemi ƙari. Matar da ta sayi kabad ɗin, wadda ake kira Mai Kwanuka, ta dube su sama da ƙasa, ta ce abin da aka yi ciniki a ƙofar ma'aikata shi za ta bayar, nauyi kuwa ba ita ta ƙera ba. Suka karɓa, suka fita suna ƙunƙuni.

Mijinta masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati, shekara ashirin da takwas. Benen ma'aikatar hawa bakwai ne. Minista a can ƙololuwa, ƙarƙashinsa babban sakatare, sai daraktoci, sai mataimakansu, sai mataimakan mataimakan, sai akawuna, har a sauko ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin ƙasa, inda ko taga babu. Shi Masinja aikinsa ya ɗauki fayil daga ƙasa ya hau da shi hawa-hawa, kowane tebur a buga hatimi, sannan ya sauko da shi. Gwiwoyinsa a kan wannan matakala suka ƙare. Da ya rasu, sai aka nemi nasa fayil ɗin aka rasa.

Shekara uku tana sintirin neman haƙƙinsa. A cikin shekarun nan gwamnati ta ce ma'aikatu sun yi yawa, suna cinye kuɗi, aka haɗe tasu da wata. Sai kuma aka kafa sabuwar hukuma don ta kula da haɗewar, ita ma da nata daraktocin, da nata motocin, da labulaye har ƙasa. Tsohuwar ma'aikata ta ce ta je sabuwa. Sabuwa ta ce ta je hukuma. Hukuma ta ce ba za a biya haƙƙin mamaci ba sai ta kawo fayil. Ana haka wata mai shara ta raɗa mata cewa za a yi gwanjon kayan ɗakin ajiya, kuma akwai wani kabad da makullin durowarsa ta ƙasa ya ɓata tun ba yau ba. Mai Kwanuka ta kwashe rabin jarinta ta tafi. Mai gwanjo ya faɗi kuɗi, ta taya kashi ɗaya cikin uku, ta kafe a nan har ya gaji ya sallama. Ba mace ce da ake sayar wa kaya yadda aka faɗa ba, kowa a kasuwa ya sani.

'Yarta, Auta, budurwa ce mai koyon ɗinki, ita kaɗai ta rage mata a gida. Ta zagaya kabad ɗin, ta ce, “Umma, ki bari sai da safe mana. Magariba ta yi.”

“Shekara uku ana ce mini sai da safe. A gidana ma?”

“To ko ƙwanƙwasawa ki yi, irin ta Baba.”

Uwar ta yi tsaki. Marigayin yana da wata ɗabi'a da ya kwaso a wurin aiki: ba ya buɗe durowa sai ya ƙwanƙwasa sau uku ya yi sallama. Har akwatin tufafinsa yakan yi wa. Ta sha yi masa dariya, tana ce masa ya gaishe mata da masu gidan. Shi dai yakan ce haka ya tarar magabatansa na yi a ɗakin ajiya, bai kuma tambayi dalili ba.

Ta ɗauko taɓarya da wani guntun ƙarfe, ta soka a bakin durowar ƙasa, ta danna da ƙarfinta. Ana kiran salla ƙarfen ya yi ƙara, durowar ta zazzago. Wata iska mai sanyi da warin tsohuwar takarda ta fito ta wuce tsakaninsu. A ciki fayil ɗaya ne rak, ɗaure da jan zare, babu ko ƙura a kansa. Mai Kwanuka ba ta yi nisa a karatu ba, amma sunan mijinta ta san shi kamar fuskarsa. Ta rungume fayil ɗin ta zauna a ƙasa.

Auta kuwa tana tsaye inda iskar ta bi. Idanunta suka kafe a kan durowar.

Washegari da magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai na biyu. Aka leƙa waje, babu kowa a lungu. Duwatsun suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jefawar yana da lokaci. Da suka tsaya, sai aka fara jin wani sauti daga cikin kabad ɗin da babu komai a cikinsa: dum, shiru, dum, shiru. Duk wanda ya taɓa zaman jira a ofis ya san wannan ƙara. Hatimi ne ake bugawa.

A rana ta uku Auta ta jawo teburin ɗinkinta tsakiyar ɗaki ta zauna a bayansa, ta miƙe wuya. Uwar ta kawo mata abinci. Ta dubi kwanon, ta ɗauke shi daga dama ta ajiye a hagu, ta ce da wata murya ta tsohon namiji, busasshiya, “Ba a amince ba tukuna. A dawo gobe.”

Kofin ruwan da ke hannun uwar ya faɗi.

Gobe ta zo, aka ce gobe. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai an ɗura. Idanunta suka faɗa, wuyan hannunta ya zama kamar sanda. Mai Kwanuka ta daina fita kasuwa. Ta yi lallashi, ta yi zagi, ta yi kuka a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su ji ba. Fayil ɗin da ta yi shekara uku tana nema yana ƙarƙashin matashinta, ba ta ko iya fita ta kai shi, don duk lokacin da ta nufi ƙofa da shi sai yarinyar ta sandare, numfashinta ya tsaya, sai ta dawo da shi sannan abin ya sake ta.

A rana ta tara ta ajiye girman kai ta je ta ɗauko malamin da ke ruƙiyya a bayan masallacin unguwa, wani dattijo siriri mai magana a hankali. Ya zo bayan la'asar. Ya dubi kabad, ya dubi yarinya, ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ya zauna ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta tsallake tsakar gida ta hau bango. Can jikin Auta ya ɗauki rawa, ta buga tafin hannu a tebur.

“Dakata, Malam, kana ƙona ni. Wa ya ba ka izinin shigowa ba takarda?”

“Wane ne kai?”

“Mazaunin durowar ƙasa. Na riga ministoci goma sha ɗaya zuwa benen ma'aikatar, na kuma ga fitarsu.”

“Me ya kai ka ma'aikatar mutane?”

“Shiru. Duk shekara ana sa kuɗi a kasafi don a yi wa ɗakin feshi, a sake kabad, a sa fitila. Duk shekara kuɗin yana hawa sama, ba ya saukowa. Ina aljani zai sami wuri irin wannan? Ba wanda ke shigowa sai mutum ɗaya, shi kuma ba ya taɓa durowata sai ya ƙwanƙwasa ya yi sallama. Shekara ashirin da takwas bai manta ba ko sau ɗaya.” Kan yarinyar ya juyo a hankali wajen uwar. “Ke kuwa, matar Masinja, da taɓarya kika zo.”

Mai Kwanuka ta ce, “Kai ka ɓoye fayil ɗinsa?”

“Da ya mutu aka sauko da shi, aka jefar a ƙasa. Na ɗauka na sa a ƙarƙashin kaina. Abin da ya rage mini ke nan na mai yi mini sallama.”

“Mu kuma da ya bari, mu ci me? Sallama?”

Malam ya ɗaga mata hannu, ya ci gaba da karatu da ƙarfi. Muryar ta yi ƙara, jikin yarinyar ya lanƙwashe, kumfa ta fito a bakinta. Sai Malam ya tsaya. Ya taɓa wuyanta, ya juyo ya ce a hankali, “Baiwar Allah, zan iya fitar da shi da ƙarfi, da izinin Allah. Amma kwana shida ba ci, jikin nan ba zai ɗauka ba. In zai fita da kansa, ya fi.”

Mai Kwanuka ta gyara ɗaurin zaninta, ta jawo kujera ta zauna daidai gaban teburin, yadda take zama gaban dillalai.

“To, faɗi kuɗinka. Me kake so?”

“Wurina.”

“Zan mayar da kabad ɗin gobe, a kuɗina.”

“Mayar da shi ina? An fasa ɗakin, an yi wurin ajiye sababbin motocin daraktoci. An kore ni ba wasiƙa, ba sallama. Nan na samu, nan zan zauna.”

Ita ta san ofisoshin nan fiye da masu aiki a cikinsu. Ta ce, “Akwai wani ɗaki a hawa na biyu a sabuwar hukuma. Fayil a ciki har rufi. Na zauna a ƙofarsa wata da watanni, ban taɓa ganin an ɗauki na ƙasa ba. Ka shiga fayil ɗin mijina, ni da kaina zan kai ka.”

Idanun yarinyar suka yi ƙyalli. “Akwai taga?”

“Babu.”

“Ana shara?”

“An dai ɗauki masu shara shida. Ban taɓa ganin tsintsiya ba.”

“Ya yi. Amma ki sani, muddin ina ciki, ba mai buɗe shi. Duk wanda ya kai hannu zai manta abin da ya zo yi.”

Ta gane abin da ake nufi. Haƙƙin shekara ashirin da takwas na hawa da sauka. Kuɗin da ta riga ta raba a zuciyarta: keken ɗinki na Auta, rufin ɗakin da ke yoyo, jarin da ta karya.

“Shekara ɗaya,” ta ce. “Ka zauna shekara ɗaya, ka nemi wani, ka sakar mini.”

“Har abada.”

“Kai, ji mini tsohon banza! Biyu.”

“Har abada.”

“Uku, kuma ban ƙara ko kwana. Haƙƙin marayu ne, ka ji tsoron Allah. Shi da ya yi maka sallama, haka za ka saka wa 'yarsa?”

Sai kan Auta ya langaɓe a kan tebur, hannunta ya zame ya rataya. Daga can ƙasan maƙogwaro wata 'yar siririyar murya, tata ta gaske, ta ce, “Umma… yunwa.”

Tun tana yarinya mai talla, Mai Kwanuka ba ta taɓa biyan abin da aka faɗa da farko ba. Ta tashi ta shiga ɗakinta, ta ɗauko fayil ɗin, ta ajiye a kan tebur. Ta ƙwanƙwasa bangonsa sau uku.

“Salamu alaikum,” ta ce. “Na saya. Har abada. Sakar mini 'yata.”

Malam ya sa aljanin ya yi rantsuwa ba zai dawo gidan ba, ya karanta abin da ya karanta, ya yayyafa ruwa. Auta ta yi atishawa sau uku. Jan zaren da ke jikin fayil ya motsa, ya ƙara ɗaurewa da kansa. A waje ladan ya ɗaga murya, kwanon rufi kuwa shiru, ko tsakuwa ba ta faɗo ba.

Da safe ta yafa mayafinta mai kyau ta tafi hukuma, fayil a hammata, nauyinsa kamar dutsen niƙa. Akawun hawa na biyu ya san ta sarai. Da ya ga sunan ya miƙe tsaye.

“Iya! Ina kika samo shi? Wallahi kin taki sa'a. Bana an saki kuɗin mamata, jiya-jiyan nan takarda ta sauko. Duk wanda fayil ɗinsa ya cika, sati biyu an biya shi. Kawo in buɗe in sa hannu yanzu.”

Ta miƙa masa. Ta zuba wa hannunsa ido, don ɗan Adam ba ya rasa sa rai. Ya kai yatsa kan zaren. Ya tsaya. Ya yi hamma, ya sosa ƙeya, ya dubi agogon bango, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

“Iya, me kika ce kin zo yi?”

“Ajiya na kawo.”

“To, sa a can ciki. Ki dawo gobe.”

Ta shiga ɗakin da ba taga, ta ɗaga wani tuli, ta tura fayil ɗin can ƙasa. Ta shafa sunan mijinta da babban yatsa, ta fito ta ja ƙofa. A harabar ana ta wanke sababbin motoci, ruwan yana gangarowa har bakin titi. Ta tattare zaninta ta tsallake, ba ta waiwaya ba, ba ta kuma sake taka benen nan ba.

A hanya ta tsaya shagon kan kwana, don Auta ta tashi da asuba tana neman shayi da burodi, karo na uku ke nan tun jiya. Ta ɗauki gwangwanin madara babba. Mai shago ya faɗi kuɗi.

Mai Kwanuka ta share idonta da bakin mayafi, ta dube shi sama da ƙasa, ta taya rabi.