Ƙusar Tsakiyar Allo

Kafintan nan ba malalaci ba ne, kada a yi masa ƙarya. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo, zarto ɗaya, guduma biyu, amma ko ƙusa ba ya bari a ƙasa. Ciwonsa ɗaya ne, shagon tsallaken titi mai injin yanka. Da ya ji kukan injin nan sai abinci ya fita ransa. Ciwon nan ne ya kai shi wurin boka da rana tsaka.

Ɗakin ba taga. A tsakiya akwai wani kututture da ƙusoshi suka cinye jikinsa, kowace ɗaure da baƙin ƙyalle, jini ya bushe a kai har ya yi ɓawo. Boka, siririn tsoho mai taushin murya, ya sa shi ya yanka baƙin zakara a kan kututturen, sannan ya karɓi tef ɗinsa na awo ya jiƙa a jinin.

"Duk katakon da ka auna da shi, arziki ne," in ji boka. "Amma abu mai numfashi, in aka auna shi, namu ne."

"Ni katako nake aunawa, baba."

"Haka kowa ke cewa. Kuma ba a ɓoye shi, ba a kulle shi. A sarari zai rataya."

Kafinta ya tambaya ko zai iya mayar da shi in ya gaji. Tsohon ya yi murmushi kawai, ya miƙo masa tef ɗin.

Shekara ba ta zagayo ba ya gina shago a gaban gidansa, ya tsara shi yadda ya daɗe yana mafarki. Inji kusa da ƙofa don dogon katako ya samu hanya. Katako a jere kan dandamali, nesa da ƙasa, da sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Fenti can nesa da ƙurar zarto. A bango ya kafa babban allo, kowane kayan aiki da ƙusarsa, an zana siffarsa da farin fenti, ta yadda da abu ya ɓace gurbinsa zai faɗa. Ƙusar tsakiya ta tef ce.

Yana da wata ƙa'ida: teburin aiki sai ya zo daidai wuyan hannun mai aiki a kai. Da ƙanensa ya zo kama aiki, hannunsa ya riga tunaninsa, ya ja tef daga ƙasa zuwa wuyan hannun ƙanen. Kwana tara ƙanen ya yi yana ramewa kamar ana fere shi, ya cika. Kafinta ya yi kuka na gaske. Sai dai a satin ne aka ba shi aikin ƙofofin wani babban gini, kuma ya lura.

Na biyun ba kuskure ba ne. Ya ce wa surukinsa zai yi masa kujerar hutawa, ya durƙusa cikin ladabi ya auna bayan tsohon, tsohon yana ta sa masa albarka. Matar kafinta tana tsaye tana kallo, kamar yadda ta kalli awon farko. Da kwana tara suka cika mahaifin nata ya rasu, ta gane, hankalinta bai iya ɗauka ba. Ta shiga yawo da zare tana auna tukwane da ƙofofi tana dariya. Tef ne aka hana shi kullewa, ba mata ba, don haka ya kulle ta a ɗakin baya.

Saura Auta, 'yarsa mai shekara takwas, ita kaɗai zuciyarsa ke wa motsi. Ya hana ta taka shago. Ya daina ma jan layin tsawonta da yake yi duk shekara a jikin ƙyauren ɗaki, ta yi ta roƙo yana kauda kai.

Wata rana ya dawo daga kai kaya, ya ɗaga ido. Farar siffa a tsakiyar allo, ba komai a kai. Ya ruga cikin gida. Auta ta ji tausayin uwarta ta buɗe mata, kuma shagon da komai ke gurbinsa ba ya wahalar da mai nema. Yarinyar na tsaye ƙam, dugaduganta manne da ƙyaure, uwar ta miƙe tef daga ƙasa har tsakiyar kanta.

"Baba, duba, na ƙaru!"

"Kai ka daina auna ta," in ji matar, muryarta sarai, "shi ya sa na auna maka."

Ya koma wurin boka yana birgima, ya ce a ɗauke shi a madadinta, har ya ja tef a jikinsa. Boka ya ce kafinta ma'auni ne, ba a karɓar ma'auni. A kwana na tara Auta ta cika a hannunsa.

Shagon yana nan, injin ya yi tsatsa, gara ta gama da katakon. Shi kuma yana zaune a gaban allo cikin tsumma, yana gadin ƙusa ɗaya kada wani ya taɓa. Kai da ke jin kukan injin maƙwabci yana hana ka cin abinci, ka riƙe zartonka. Masu ba da irin wannan arziki daga cikin gidanka suke zaɓa, kuma wanda ka fi so suke bari a ƙarshe.