Jan Keke a Ƙofar Shagon Awara

A kan gadar da ta haye layin dogo a unguwar Nerima suka fara haɗuwa, da yammacin wata Lahadi. Kotone ta ɗaga wayarta tana gwada hoton da ke ciki da abin da ke gabanta, sai ga wani dogon saurayi ya tsaya ƙiƙam a tsakiya, riƙe da littafin zane.

"Malam, don Allah ɗan matsa. Ka tsaya daidai inda Tsubame take dira."

Tsubame ita ce jarumar katun ɗin nan, wato fim ɗin zane, da ya tafi da hankalin matasa a shekarar, yarinya mai jan mayafi da ke tashi sama tana ceton mutanen gari. Masoyan shirin suna da wata al'ada: in suka gano an kwaikwayi wani wuri na gaske a zanen, sai su yi takakkiya su je su ɗauki hotonsa. Kotone kuwa ta fi kowa zaƙewa, har shafi gare ta a intanet inda take hasashen abin da kamfanin zai yi.

Saurayin ya matsa, amma idonsa bai matsa daga kanta ba.

"Kashe ta za su yi," ta ce masa, ko sunansa ba ta tambaya ba. "Ka lura da sama? Tun kashi na farko hadari ne, kullum ƙara duhu yake. Kamfani ba ya yin abu a banza."

Saurayin, mai suna Shunpei, ya haɗiye dariyarsa, domin shi ne mai zana saman. Babu wanda ya ce ya duhunta ta. Kaɗaici ne ya dame shi tun da ya baro garinsu, hannunsa kuma ya bi zuciyarsa. Sai dai ya sa hannu a takarda cewa ba zai faɗa wa kowa aikin da yake yi ba sai shirin ya ƙare.

"Wataƙila mai zanen ne ba ya jin daɗi," ya ce.

"Haba dai. Da ganinka ba ka san kan harkar ba."

A ranar suka karɓi lambar juna, wai don ta wayar masa da kai. Ya ce mata shi mai zanen gine-gine ne, ta raɗa masa Mai Fensir, shi kuma ya sa mata Gimbiyar Hasashe.

Tun daga nan Lahadi ta zama tasu. Sukan zauna a benci a gaban shagon mahaifinta, Baba Genzo mai awara, ta yi ta zuba bayani, shi kuma ya yi tagumi yana kallon bakinta. A jikin bangon shagon akwai wani tsohon hoto da Shunpei yake yawan tsayawa a gabansa: shagon ne shekara ashirin baya, ga wani jan keke jingine a ƙofa, kwandonsa cike da furanni. Keken mahaifiyar Kotone ne. Tun da ta rasu Baba ya bayar da shi, bai kuma sake ambatonsa ba.

Ba a yi wata uku ba sama ta fara washewa a cikin shirin. Saƙon Kotone ya shigo da sassafe:

"Mai Fensir, ka ga na jiya? Gajimaren har da launin ruwan zuma. Na janye maganata, ba za su kashe ta ba. An canja shugabanni a kamfanin nan, ka rubuta ka ajiye."

Ya amsa mata:

"Gimbiyata, ƙila mai zanen ne ya samu wadda yake so. Kin karya kuwa?"

"Kai dai ba ka da ilimin katun. Amma ina son ka a haka."

Ya karanta saƙon ya fi sau goma a cikin jirgin ƙasa, har ya wuce tasharsa.

Soyayya ba ta barin mutum da cikakken hankali. A kashi na goma sha ɗaya, aka buƙaci wani lungu da Tsubame za ta sauka ta huta, sai Shunpei ya zana shagon awara, da bencinsa, da jan keke a ƙofa. Bai nemi izinin kowa ba. A ransa kyauta ce ya ɓoye mata.

Daigo ne ya fara ganewa, shugaban ƙungiyar masoyan shirin, wanda ya daɗe yana son Kotone tana kakkaucewa. Ya saka adireshin shagon a intanet, ya ƙara da cewa saurayin nata ma'aikacin kamfanin ne, shi ya sa hasashenta ya fara dacewa.

Kafin Asabar lungun ya cika da samari da 'yan mata masu kyamara. Tsofaffin da suka saba zuwa da kwanonsu sayen awara suka rasa hanyar wucewa.

Kotone ta tsayar da hoton shirin a waya, ta zuba wa keken ido. Mutum ɗaya ne kawai yake tsayawa gaban tsohon hoton nan na bangon shago: Shunpei. Ta rubuta masa:

"Ashe duk zaman da muke yi a benci, aikin kamfani kake yi. Ina zuba kana yi mini dariya a ciki. Kada ka zo Lahadi."

Baba kuwa ya fi ta zafi. "Wanda ya kwashi ƙofar gidana ya raba wa duniya ba tare da sallama ba, shi zan ba 'yata? Kada na ƙara ganin ƙafarsa a nan."

Sati biyu Kotone ba ta taɓa shafinta ba. Tana kewarsa, kewa mai ciwo. A kashi na ƙarshe Tsubame ta yi nasara, amma ruwa ake tsugawa tun daga farko har ƙarshe. Masoya suka yi ta cacar baki a kan ma'anar ruwan. Kotone ce kaɗai ba ta yi hasashe ba, don a karon farko ta san dalili. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka.

Washegari da hantsi Shunpei ya iso cikin baƙar kwat, da kwalin alewar ban haƙuri. Ya sunkuya a gaban Baba, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, na yi laifi, ba ni da abin cewa. Na roƙi kamfani, sun yarda a gyara kafin a fitar da faifan shirin kasuwa. Ga wanda aka nuna, ga wanda zai maye gurbinsa. Hatiminka kawai ake jira."

Ya ajiye takardun zane biyu a kan tebur. A ta biyun babu shago, sai farar katanga.

Baba bai taɓa kallon katun ba a rayuwarsa. Ya goge hannu a jikin rigar aikinsa, ya sa tabarau, ya ɗauki ta farkon. Ya ƙura mata ido har ruwan waken da ke kan wuta ya fara tafasa. Ya kai yatsa kan kwandon keken.

"Haka take jingine shi," ya ce a hankali. "A karkace. Kullum sai na yi mata faɗa."

"Zan goge shi, Baba."

"Wa ya aike ka? Shekara ashirin ban gan shi a ƙofata ba, yau ya dawo za ka goge?" Ya ture takardar farar katangar gefe. "Kai dai ba ka da ladabi, amma kana da ido. Kotone, fito daga bayan labulen nan, ina ganin ƙafarki."

Ta fito idonta jawur. Ta dubi Shunpei.

"Hadarin nan na farko, kai ne?"

"Ni ne."

"Ruwan zumar fa?"

"Wannan ke ce, Gimbiya."

Baba ya kawar da kai yana gyaran murya. "In aure kuke so ku faɗa, awarata za ta ƙone."

Da bazara aka ɗaura auren. Baba ya kafa allo a bakin lungu cewa hoto sai bayan azahar, kuma kada a tare wa tsofaffi hanya. Har Daigo ya zo, ya ba da haƙuri, ya ci awara faranti biyu.

Da aka watse, Baba ya kama hannuwansu ya haɗa. "Na sa muku albarka, ni da mai keken. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare."

Da yamma Kotone ta buɗe shafinta ta rubuta: "Ban san ko kamfani zai yi zango na biyu ba. Amma in ya yi, sama za ta yi haske. Wannan karon ba hasashe ba ne."